Simakur Ramihi: ƙaton tauraro mai launin ruwan goro da ke tsayawa bisa kai a farkon damina

Daga watan Mayu zuwa Yuli, duk wanda ya fito tsakar gida bayan Isha'i a Agadas, Njamena, Garwa ko Tamale, ya ɗaga kai, zai ga wani tauraro mai haske sosai kusan a tsakiyar sama. Launinsa ya sha bamban da na maƙwabtansa. Su farare ne ko masu ɗan shuɗi, shi kuwa ruwan goro ne, kamar garwashin da ya fara lafawa. Larabawa suna kiransa Simakur Ramihi, a littattafan Faransanci da na sauran Turawa kuma sunansa Arkturus. Shi ne na huɗu wajen haske a cikin taurarin dare baki ɗaya, kuma babu wanda ya kai shi a rabin sama na arewa.

Turawa suna lissafa shi cikin taurarin lokacin da ke zuwa gab da zafinsu. A ƙasashen Sahel wannan lokaci ya yi daidai da ƙarshen bazara da shigowar damina, sa'ad da manoma ke duban sama dare da rana. Matasa da yawa a birane sun tashi ba su san sunan tauraro ko guda ba, saboda fitilun lantarki sun dushe sama, tsofaffin da suka san taurari kuma suna ƙarewa. Ramihi yana daga cikin waɗanda suka fi sauƙin farawa da su, domin ko a tsakiyar gari ana ganinsa, kuma wanda ya gane shi ya sami mabuɗin gane wasu da dama.

Sunayensa

Kalmar Arkturus daga harshen Girka ta fito, ma'anarta mai gadin dabbar nan da Faransawa ke kira ours. Tsoffin Girkawa sun ga yana bin bayan rukunin taurarin da ake kira Grande Ourse da Faransanci, yana zagaya sama tare da shi kamar makiyayi. Rukunin da shi kansa yake ciki Faransawa suna kiransa Bouvier, wato mai kiwon shanu.

A wajen Larabawa Simaku biyu ne. Akwai Ramihi, mai mashi, akwai kuma A'azal, wanda ba ya riƙe da makami. An ba na farko mashi ne saboda ƙananan taurarin da ke kusa da shi, na biyu kuwa yana tsaye shi kaɗai a wani fili na sama. Wani sunan Ramihi shi ne Harisus Sama'i, mai gadin sama. Masanin taurari Abdurrahman as-Sufi ya bayyana shi a littafinsa na taurari masu zama wuri guda, wanda ya kammala wajen shekarar 964.

Akwai kuskuren da ya kamata a kauce masa a nan. Malaman da ke lissafin manzilolin wata 28 suna ambaton Simaku a matsayin manzili na 14, amma wannan A'azal ne, ba Ramihi ba. Dalili kuwa shi ne wata da duniyoyi suna bin hanya guda a sama, hanyar da rana ke bi cikin shekara. A'azal yana gefen wannan hanya da digiri 2 kacal, Ramihi kuwa yana arewa da ita da wajen digiri 31. Saboda haka wata ba ya taɓa sauka a kansa.

Mutanen Sin suna ce masa Babban Ƙaho, Indiyawa Suwati, mutanen tsibiran Hawai kuma Hokule'a, tauraron farin ciki.

Yadda ake gano shi

Hanya mafi sauƙi ita ce a fara da taurari bakwai masu siffar ludayi da ke arewa. Larabawa suna kiransu Banatu Na'ash, Faransawa suna ce musu Grande Casserole, Buzaye kuma suna ganin raƙuma a cikinsu. Huɗu daga ciki su ne kan ludayin, uku su ne mariƙinsa, kuma mariƙin a lanƙwashe yake. Sai a bi wannan lanƙwasa da ido, a zarce bayan tauraro na ƙarshe. Tauraro mai haske na farko da za a ci karo da shi shi ne Ramihi.

Ana iya auna tazarar da hannu. Idan mutum ya miƙe hannunsa sosai ya dunƙule, faɗin dunƙulen yana rufe kimanin digiri 10 na sama. Daga ƙarshen mariƙin ludayi zuwa Ramihi dunƙule uku ne. Idan aka ci gaba da bin lanƙwasar zuwa kudu da wasu dunƙule uku da ɗan ɗori, za a isa ga A'azal, wanda Faransawa ke kira Épi. Shi fari ne mai ɗan shuɗi. Duban su biyun a jere shi ne abin da ya fi fito da launin Ramihi fili.

Sauran taurarin rukuninsa suna miƙewa daga gare shi zuwa arewa maso gabas, suna yin siffa doguwa mai faɗin kai da tsukakken gindi, shi ne a gindin.

Akwai abubuwa biyu da ake rikita shi da su. Na farko Ƙalbul Aƙrab, zuciyar kunama, wanda Turawa ke kira Antares. Shi ma yana fitowa a daren damina, amma ya fi ja, bai kai Ramihi haske ba, kuma yana can kudu a tsakiyar jerin taurari masu lanƙwasa kamar wutsiyar kunama. Na biyu duniyar Mirrihi, wadda ita ma ja ce. Ita tana sauya wuri tsakanin taurari daga mako zuwa mako, haskenta ba ya ƙyalƙyali sosai, kuma ba ta kauce wa hanyar rana da nisa. Ramihi kuwa kullum yana inda lanƙwasar ludayi ta nuna.

Lokutan ganinsa

Kowane tauraro yana riga fitowarsa ta jiya da kimanin minti 4, wato awa 2 a wata. Ga yadda abin yake a yankin Sahel, tare da ɗan bambanci tsakanin gari da gari bisa agogon kowace ƙasa:

- Janairu: yana fitowa a gabas bayan tsakar dare, kafin asuba ya yi sama sosai.
- Ƙarshen Maris: yana fitowa wajen ƙarfe 8 na dare.
- Ƙarshen Afrilu: yana fitowa da faɗuwar rana, ya kai tsakiyar sama da tsakar dare, ya faɗi da wayewar gari.
- Yuni: yana tsakiyar sama tsakanin ƙarfe 8 da 9 na dare.
- Agusta: duhu na yi yana yamma, ya faɗi kafin tsakar dare.
- Ƙarshen Oktoba: yana ɓacewa cikin jan almuru, sannan a farkon Nuwamba ya sake bayyana a gabas kafin fitowar rana.

Damina tana da matsalarta ta hadari, musamman a kudancin Kamaru da Gana. Sai dai daren da aka ɗauke ruwa sama ta washe ya fi kowane dare kyau, domin ruwan ya wanke ƙura. A lokacin hunturu ƙurar da ke tasowa daga hamada tana rage hasken taurari, ta kuma ƙara musu ja. Haka nan idan Ramihi yana ƙasa-ƙasa kusa da fitowa ko faɗuwa, yakan yi ta ƙyalƙyali yana sauya launi, har wasu su ɗauka jirgi ne ko wani abin al'ajabi. Wannan aikin iska ne. Haskensa a lokacin yana ratsa iska mai kauri da ke motsi, ita ce ke karkata shi. Idan ya hau sama sai ya natsu.

Tauraron tsakiyar kai

Ramihi yana arewa da tsakiyar sama da kimanin digiri 19. Ma'anar wannan ita ce duk garin da ke kan layin digiri 19 arewa da ikwaita, tauraron yana wucewa daidai bisa kansa sau ɗaya a kowace rana. Arlit da Bilma a Nijar suna dab da wannan layi, haka Fot Sudan a bakin Bahar Maliya. Mutumin da ke waɗannan garuruwa zai ga Ramihi a tsakar kansa sosai idan ya kai ƙololuwa.

Idan aka yi kudu, sai ya riƙa karkata zuwa arewa. A Agadas karkatar digiri 2 ce, a Khartum kusan 4, a Yamai, Maraɗi da Damagaram tsakanin 5 da 6, a Njamena 7. A Garwa da Tamale ta kai dunƙule guda, wato digiri 10, a Kumasi ta haura 12, a Yawunde kuma 15. Da haka tauraron yake gaya wa matafiyi yawan nisan da ya yi zuwa kudu ko arewa.

Da wannan dabara matuƙan jiragen ruwa na tekun Pasifik suka yi aiki tun kafin zuwan kamfas. Babban tsibirin Hawai yana kan layi ɗaya da Arlit da Bilma. Matuƙin da ya taso daga kudu yakan yi ta tafiya arewa har sai Hokule'a ya tsaya bisa kansa, daga nan ya san ya kai layin tsibirin, sai ya juya ya bi layin. A 1976 wani jirgin ruwa irin na gargajiya mai ɗauke da sunan tauraron ya tashi daga Hawai zuwa Tahiti ba tare da na'urar zamani ba, ƙarƙashin jagorancin matuƙi Mau Piailug, domin a nuna cewa wannan ilimi yana aiki.

Manoma ma sun yi amfani da shi. Mawaƙin Girka Hesiod, wanda ya rayu kimanin shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ɗaura lokacin gyaran itacen inabi da fitowarsa da yamma, lokacin tsinke 'ya'yan kuma da fitowarsa da asuba. Irin wannan lissafi ne manoman ƙasar Hausa suke yi da Kaza da 'Ya'yanta.

Me ya sa ake kiransa ƙato?

Ramihi rana ce kamar wadda ke haska duniya, nisa ne ya mayar da shi ɗigo. Haske yana gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda. Daga rana zuwa duniya yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20, daga Ramihi kuwa shekara 36.7. Wanda ya dube shi yau, hasken da ya baro shi kusan shekara 37 da suka wuce yake gani. Duk da haka, a ma'aunin taurari maƙwabci ne. A'azal yana nisan shekarun haske kusan 250, Ƙalbul Aƙrab kuma fiye da 500.

Ana auna irin wannan nisa da wata hanya da kowa zai iya gwadawa. A miƙa babban yatsa, a rufe ido ɗaya, sannan a sauya ido, za a ga yatsan ya yi kamar ya matsa. Gwargwadon kusancin abu, gwargwadon matsawarsa. Masana suna duban tauraro yau, su sake dubansa bayan wata shida, lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, sai su auna matsawar da ya yi a gaban taurari masu nisa. Tauraron ɗan'adam na Turai mai suna Hipparcos, wanda ya yi aiki daga 1989 zuwa 1993, ya yi wannan awo ga taurari fiye da 100,000, har da Ramihi.

Nauyinsa bai ɗara na rana da yawa ba, amma faɗinsa ya ninka nata sau 25, wato kusan kilomita miliyan 35. Da za a ɗauke rana a sa shi a gurbinta, da faɗinsa a sama ya wuce dunƙulen hannu. Hasken da yake fitarwa gaba ɗaya ya ninka na rana kusan sau 170.

Launinsa daga zafinsa yake. Maƙeri ya san cewa ƙarfe a wuta yana fara yin ja, ya koma ruwan goro, sannan ya yi fari idan zafi ya tsananta. Haka taurari suke. Bayan rana yana da zafin digiri kusan 5,500 a ma'aunin Salsiyos, na Ramihi kuwa kusan 4,000. Saboda haka kowane yanki na jikinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hasken da yanki irinsa na rana yake bayarwa ba. Abin da ya rama masa shi ne girma, domin faɗin fatarsa ya ninka na rana fiye da sau 600.

Tsufa ne ya kumbura shi

Tauraro irin rana yana samun ƙarfinsa ne daga can tsakiyarsa, inda zafi da matsi ke haɗa ƙwayoyin iskar haidurojin su zama hiliyom. Wannan aiki yana ɗaukar biliyoyin shekaru, abin da masu lissafi da Faransanci ke kira miliyar. Idan haidurojin na tsakiya ya ƙare, tsakiyar sai ta tsuke ta ƙara zafi, aikin ya koma wani zobe da ke kewaye da ita. Ƙarfin da ke fitowa daga zoben yana tura sassan waje, su kumbura, su yi nisa da tushen wutar, su huce. Sakamakon shi ne tauraro mai girma ƙwarai, mai ɗan sanyin fata, mai launin ja ko ruwan goro.

A wannan mataki Ramihi yake. An ƙiyasta shekarunsa kusan biliyan 7, rana kuma biliyan 4.6. Tauraro mai irin nauyinsa ba ya fashewa. Bayan ya gama mayar da hiliyom zuwa kabon da oksijin, zai zubar da sassansa na waje a sararin samaniya, ya bar ƙaramar tsakiya mai zafi wadda girmanta bai wuce na duniya da yawa ba, ta yi ta hucewa a hankali. Masana suna ba shi muhimmanci ne domin nauyinsa kusan ɗaya da na rana. Duban sa kamar duban yadda rana za ta kasance ne nan da shekara biliyan 5 ko fiye.

Haskensa ya kuma nuna cewa ƙarfen da ke jikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wanda ke jikin rana. Ƙarfe da ire-irensa a cikin taurari ake ƙera su, su bazu idan taurarin sun mutu. Ƙarancinsu a jikin Ramihi alama ce ta cewa ya samu ne tun lokacin da ba su yawaita ba.

Tauraron da ya nuna cewa taurari suna tafiya

Shekaru aru-aru ana ɗaukar cewa taurari a kafe suke, sama ce kawai ke juyawa da su. A 1718 masanin Ingila Edmond Halley ya gwada matsayin wasu taurari masu haske da wanda tsoffin Girkawa suka rubuta, kamar yadda ya zo a littafin Batlimus. Ya tarar Ramihi da Shi'ira sun kauce daga inda aka rubuta su da abin da ya fi ƙarfin kuskuren awo. Daga nan aka san kowane tauraro yana da tafiyarsa.

Ramihi yana gudun kilomita kusan 122 a daƙiƙa idan aka gwada shi da rana. Saboda nisa, ido ba ya lura da wannan a tsawon rayuwar mutum. Sai bayan kimanin shekara 800 yake matsawa da faɗin wata ɗan daren sha huɗu, kuma ya nufi wajen A'azal ne. Duk da haka, kaɗan ne cikin taurari masu haske suka fi shi saurin sauya wuri.

Tarihi ya riƙe wasu abubuwa biyu game da shi. A 1635 Bafaranshe Jean-Baptiste Morin ya hango shi da rana tsaka ta madubin hangen nesa. A 1933 kuma masu shirya baje kolin duniya na birnin Shikago a Amurka sun tara haskensa da madubai, suka mayar da shi lantarki, suka kunna fitilun bikin da shi. A lokacin an ɗauka nisansa shekarun haske 40 ne, wato hasken ya baro shi tun baje kolin da birnin ya yi a 1893. Awon baya ya nuna lissafin ya zarce da shekara uku da ɗan kai.

Abin da ake bukata wajen kallo

Ido kaɗai ya isa. A nemi wurin da fitila ba ta haska fuska, a bar ido ya saba da duhu na kimanin minti 20, a guji duban waya a wannan lokaci. Daren da wata bai yi girma ba ya fi dacewa ga mai son ganin sauran taurarin rukunin, amma shi Ramihi ko farin wata ba ya ɓoye shi.

Mai tabarau na hangen nesa, wanda ake kira jumel a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, zai ga launin ya ƙara fitowa, musamman idan ya ɗan kwance saitin har tauraron ya zama ɗan faifai. Ko da babban madubi ba za a ga jikinsa ba, ɗigo zai ci gaba da zama. Amma a kewayensa akwai abin kallo. Yamma da shi da rabin dunƙule akwai Mufrad, wanda nisansa daga duniya kusan ɗaya ne da na Ramihi, su biyun maƙwabtan juna ne na gaske. Dunƙule guda zuwa arewa maso gabas akwai Izar, wanda madubi mai kyau yake raba shi biyu, ɗaya ruwan goro ɗaya shuɗi. Arewa maso yamma da Ramihi da dunƙule guda da ɗan ɗori akwai wani ɗan tabo mai kama da hayaƙi da ake gani da jumel a dare mai duhu. Sunansa M3, Bafaranshe Charles Messier ne ya gano shi a 1764, kuma curi ne na dubban ɗaruruwan taurari a nisan shekarun haske kusan 34,000.

Masu wayar zamani za su iya amfani da manhajar Stellarium, wadda ke nuna taswirar sama ta kowane gari da kowace sa'a, don tabbatar da abin da suka gani. Amma wanda ya koyi bin mariƙin ludayi sau biyu ko uku ba zai ƙara neman waya ba. Daga Ramihi zai kai ga A'azal, daga A'azal ya gangara gabas ya sami zuciyar kunama, idan kuma ya koma kan ludayin, taurari biyu na bakinsa za su nuna masa tauraron arewa, wanda tsayinsa daga ƙasa daidai yake da nisan garin daga ikwaita.